Digiri na biyu a jagorancin malamai: ya dace da wadda ba ta son barin aji?

Malama Hauwa'u:
Assalamu alaikum malamai abokan aiki. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san kan abin ya buɗe min shi sosai.

Shekarata goma sha biyu ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare. Bara aka ɗora min shugabancin sashenmu, mu bakwai ne. Tun daga lokacin na gane cewa iya koyar da yara daban, iya tafiya da manya daban. Yaro in bai gane ba, na san hanya biyar da zan bi da shi. Amma malamin da ya girme ni da shekara goma, ina ganin ɗalibansa suna tuntuɓe a wuri ɗaya kowane zango, na rasa ta inda zan ɓullo masa da maganar. Taron sashe kuwa ya koma karanta sanarwa da raba aikin jarrabawa, sai mu watse.

To na ga wata jami'a tana da digiri na biyu na shekara biyu a kan jagorancin malamai, ana yi ana zuwa aiki. Sun ce ba don shirya shugabannin makaranta aka tsara shi ba, na malamin da zai ci gaba da riƙe alli ne yana jan 'yan'uwansa. Ni kuma abin da nake so ke nan, kujerar ofis ba ta gabana. Tambayata biyu ce. Karatun nan yana koyar da abin da na rasa, ko takarda ce kawai? Kuma in na gama, akwai abin da zai sauya a makarantar da komai sai an jira shugaba?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam Malama. Ni dai gaskiya zan faɗa miki. In za ki ba da shekara biyu na rayuwarki, ki yi na gudanar da makaranta, wanda zai kai ki mataimakiyar shugaba, daga nan ki zama shugaba. A can iko yake. Makaranta kamar mota ce, sitiyari ɗaya gare ta. Ranar da sakamako ya lalace ko yaro ya ji rauni, mutum ɗaya ake kira ya yi bayani, ba a kiran kwamiti. Wannan jagorancin haɗin gwiwa da ake ta faɗa, a abin da na gani, sunan da aka raɗa wa ƙarin aiki ne ba tare da ƙarin albashi ba.

Dakta Binta:
Malama Hauwa'u, sannu da ƙoƙari. Ina koyarwa a tsangayar ilimi, kuma irin waɗannan ɗalibai nake duba wa kundin bincike, don haka bari in yi miki bayani gwargwado.

Matsalar da kika kwatanta tsohuwa ce. Tun 1975 wani masanin zamantakewa a Amurka, Dan Lortie, ya nuna yadda aka gina makaranta kamar kiret ɗin ƙwai: kowane malami a raminsa, bango tsakaninsa da na kusa da shi. Mutum sai ya yi shekara talatin yana koyarwa, babban mutum ɗaya bai taɓa zama ya kalli darasinsa daga farko har ƙarshe ba, in ba sufeto ba. Saboda haka in kin ƙwanƙwasa ƙofar ajin abokin aikinki, gabansa faɗuwa yake yi, don duk wanda ya taɓa shigowa da biro da takarda hukunci ya zo yankewa. Ba taurin kai ba ne, tsarin ne ya saba masa da haka.

Kwas mai kyau a wannan fanni kusan duk ƙoƙarinsa a kan wannan bangon yake. Za a koya miki yadda babba ke koyo, domin babba yana shigowa da gogewarsa da mutuncinsa, kuma ba ya karɓar gyara yadda ɗan shekara goma sha uku ke karɓa. Za a koya miki kallon darasi ki rubuta abin da ya faru kawai, ba ra'ayinki ba. A ce "an yi tambaya goma sha huɗu, yara uku ne suka amsa goma sha ɗaya daga ciki", maimakon "ajin ba armashi". Na farkon ana iya zama a tattauna a kai, na biyun faɗa yake haifarwa. Akwai jan taro ta yadda mai shiru zai yi magana, mai yawan magana ya saurara. Akwai zama da takardun amsar ɗalibai a gano inda tunaninsu ya karkace. Sai kuma bincike a bakin aiki, wanda asalinsa ke komawa ga masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin a shekarun 1940: ki ɗauki matsala guda a makarantarku, ki gwada mafita, ki auna, ki gyara, ki sake gwadawa. Yawanci shi ne ke zama kundin kammalawa.

A Amurka an fitar da ma'aunin malami jagora a 2011, fannoni bakwai, kuma na farkonsu shi ne gina al'adar aiki tare. Jami'o'i da dama a can a kansa suka ɗora manhajarsu.

Malam Garba, maganarka ta sitiyari zan dawo kanta, yanzu lakca ta kira ni.

Malam Aminu:
Malama Hauwa'u, ni na yi irin wannan digirin, na gama shekara uku da suka wuce. Karatun bai yaudare ni ba, abin da Dakta ta lissafa duk an koya mana, kuma na ƙaru. Abin da ya biyo baya ne ya karya min gwiwa.

Na dawo da zumuɗi, shugabanmu ya yi murna, ya kira taro ya sanar cewa ni ne jagoran horar da malamai. Darussana ashirin da shida a mako, ko ɗaya ba a rage min ba. Yaushe zan shiga ajin wani alhali ina cikin nawa? Sai aka sa taron haɗin gwiwa ranar Alhamis bayan an tashi, da rajistar sa hannu, wanda bai zo ba a rubuta masa takardar gargaɗi. Mutane suka riƙa zuwa suna zaune suna duba agogo. Wata huɗu ba wanda ya kawo takardar ɗalibi ko ɗaya. Ana cikin haka aka fara turo min haɗa jadawali, rubuta rahoton zango, tsare ƙofa da safe, duk da sunan "kai ne jagora". Abin da ya fi ci min rai, a aji mun karanta wannan cuta da sunanta. Wani masanin harkar ilimi, Andy Hargreaves, ya kira ta zumuncin tilas, wato haɗin kan da ofis ya ƙirƙira, ya sa masa lokaci, ya sa masa doka, har ya kashe na gaskiyar. Na san sunan cutar, ina kallo tana cin mu, ba ni da ikon tsayar da ita.

Don haka Malam Garba bai yi ƙarya ba gaba ɗaya.

Malam Garba:
To kin ji daga bakin wanda ya sha. Gani ya kori ji.

Baba Sani:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Na riƙe makaranta shekara goma sha tara kafin in yi ritaya.

Garba, abin da ka faɗa shi ne aƙidata a shekaruna takwas na farko. Makullin ɗakin gwaje-gwaje a aljihuna, makullin sito a aljihuna, ba a sauya littafin karatu sai na sa hannu. Ina ganin hakan shi ne riƙon amana. Sai Allah ya jarrabe ni da rashin lafiya, na yi wata uku ban taka makaranta ba. Da na dawo na tarar komai ya tsaya cik. Malamai talatin da biyu, cikinsu akwai waɗanda suka fi ni sanin fanninsu nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya iya yanke ko ƙaramar shawara, saboda ni na hana su koyo. Na yi baƙin ciki ƙwarai, kuma laifin nawa ne.

Bayan nan na sauya. Na kira malamar Turanci da malamin kimiyya, na cire wa kowannensu darasi huɗu a mako, na ce wannan lokacin na abokan aikinsu ne. Darussan da na cire, biyu ni na ɗauka da kaina na koma aji. Na yi musu alkawari ɗaya: abin da suka gani a ajin wani ba zan tambaye su ba, kuma ba zai shiga fayil ɗin kowa ba. Shekarar farko malamai suna ɗari-ɗari. A ta biyu na ga abin da ban taɓa gani ba, malami ya je da ƙafarsa ya ce wa ɗan'uwansa, zo ka kalli ajina gobe, akwai inda nake kakarewa.

Alhakin yana kaina har ranar da na miƙa makulli, Garba, wannan bai taɓa sauyawa ba. Wanda za a kira ya yi bayani mutum ɗaya ne, haka ne. Amma idona biyu ne kacal, azuzuwa kuwa ashirin da huɗu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aminu, shugabanka bai ba ka jagoranci ba, suna ya ba ka. In kana so ka san ko shugaba da gaske yake, kada ka saurari jawabinsa, ka duba jadawali.

Malam Aminu:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi da darasi huɗu kawai aka cire min, da labarin ya sha bamban.

Malama Rabi:
Ni ƙarama ce a cikinku, shekarata biyu kacal da fara aiki, amma bari in faɗi yadda abin yake daga ɓangaren wanda ake ja.

Zangona na farko kullum sai na yi kuka in na koma gida. Ajina shiru kamar ba mutane, in yi tambaya ba mai ɗaga hannu sai yara biyu. Akwai wata Anti a sashenmu da take wannan digirin a lokacin, ta ce ko zan yarda ta zauna a bayan aji. Na yarda ne don kunya, amma daren ban yi barci ba. Ta zo, ta zauna, ba ta ce uffan ba, agogon wayarta kawai take kallo tana rubutu. Bayan an tashi ta nuna min takardar. Ashe lokacin da nake jira tsakanin tambaya da kiran suna take aunawa. Kusan duka bai wuce daƙiƙa ɗaya ba. Ta ce min wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna wannan tun farkon shekarun 1970 ta tarar yawancin malamai haka suke, kuma in aka ja jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Sai ta tambaye ni, me kike gani za ki gwada?

Ba ta ce na yi kuskure ba. Ba ta ce ga yadda ita take yi ba. Lamba ta ajiye a gabana ta bar ni da ita. Mako biyu ina ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuciyata kafin in kira suna, hannuwa suka fara tashi daga layin baya. Daga baya ita ma ta ce in zo in kalli nata ajin in auna mata, kuma da gaske take, har ta gyara wani abu a kan abin da na rubuta.

Na taɓa tambayarta ko dama can haka take. Ta ce a'a, da can in ta shiga ajin mutum gyara take zubo masa guda goma, ya tsane ta. A kwas ɗin ne aka sa su yin wannan zama ana ɗaukar su bidiyo, su kalli kansu, har ta koyi kama bakinta. Anti Hauwa'u, in don wannan kaɗai ne, ni na ce ki je. Ba don ita ba da na bar koyarwa.

Dakta Binta:
Na dawo. Rabi, Allah ya yi miki albarka, kin ba da misalin da ya fi lakcata.

Malam Garba, ga maganar sitiyari. Masu bincike a kan jagorancin haɗin gwiwa ba su ce a tsige shugaba a naɗa kwamiti ba. James Spillane, wanda ya yi shekaru yana nazarin makarantun Shikago, abin da ya nuna shi ne jagoranci dama can a rarrabe yake, ko shugaba ya so ko bai so ba. Akwai malamar da kowa ke zuwa wurinta in darasi ya gagare shi. Akwai dattijon da in ya ɗaure fuska a taro, shawara ta mutu. Waɗannan suna ja, ba tare da takardar naɗi ba. Abin tambaya shi ne ko an san da su, an horar da su, an sa su fuskanci alƙibla ɗaya, ko an bar kowa yana ja ta inda ya ga dama.

Kuma binciken bai rage wa shugaba daraja ba. Nazarin da Kenneth Leithwood da abokansa suka fitar a 2004 ya ce a cikin abubuwan da ke hannun makaranta, bayan koyarwar cikin aji ba abin da ya kai jagoranci tasiri a kan koyon yara. A 2008 kuma Viviane Robinson ta ƙasar Niyu Zilan da abokan aikinta suka tattara bincike da yawa, suka kasa aikin shugaba gida biyar. Wanda ya fi kowanne tasiri, da tazara mai yawa, shi ne shugaba ya tsaya wa koyon malamansa kuma ya shiga ciki a yi da shi. Wato abin da Baba Sani ya yi da ya koma aji ke nan.

Game da ƙarin aiki ba ƙarin albashi, a nan ina tare da kai, kuma ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske sun gane haka. A Singafo hanyoyin ƙarin girma uku ne ga malami: ta koyarwa, ta shugabanci, da ta ƙwararru a fannoni irin su manhaja. Wanda ya zaɓi ta koyarwa yana hawa daga babban malami zuwa malami jagora har zuwa gwanin malamai, da albashinsa, bai bar harkar aji ba. Jihar Ayowa a Amurka ta yi doka a 2013 ta ware kuɗi musamman don a biya malamai jagorori kuma a sama musu lokaci. Ingila ta sake fasalin takardun ƙwarewarta a 2021, ta fitar da na musamman ga mai jagorantar koyarwa da mai jagorantar horar da malamai, daban da na shugaban makaranta. Inda babu irin wannan tsani, gwanin malami ba shi da hanyar ci gaba sai ya bar aji, makaranta ta yi asarar gwani, wani lokacin kuma ta sami shugaban da zuciyarsa ba ta ofis.

Malam Garba:
Dakta, na ji, kuma na gode da ba ki kauce wa maganar kuɗi ba. Amma ga wata. Duk abin da kika ambata ƙasashe ne masu hali. Makarantar da malami ɗaya ke riƙe da yara saba'in, wa zai karɓi ajinsa ya tafi kallon na wani? Sannan akwai abin da ba a faɗa a littafi. Ranar da aka ce Malama Hauwa'u ce jagora, rabin ɗakin malamai za su ɗauke ta 'yar leƙen asirin ofis. Ana hira tana shigowa za a yi tsit. Na ga an yi wa mutanen kirki haka har suka ajiye muƙamin.

Malam Aminu:
Wannan ta biyun gaskiya ce tsantsa, ta faru da ni. Aminina na shekara takwas ya daina zama kusa da ni. Dalili kuwa shugaba ya taɓa tambayata a gaban mutane, "Aminu, ya ka ga ajin wane?" Ban ma amsa ba, amma shi ke nan, an gama da ni.

Dakta Binta:
Shi ya sa alkawarin Baba Sani ya fi cire darasi huɗun muhimmanci. Mai taimako da mai ba da maki ba sa haɗuwa a jikin mutum ɗaya. In abin da Hauwa'u ta gani zai shiga rahoton ƙarin girma, ba wanda zai nuna mata rauninsa, darasin ado za a riƙa shirya mata. Anthony Bryk da Barbara Schneider sun bi makarantun firamare na Shikago shekaru da dama, suka fitar da sakamako a 2002: makarantun da amana ta yi ƙarfi tsakanin manyansu su ne suka fi samun ci gaba a karatu da lissafi. Amanar kuma sun ce a kan abu huɗu take tsayawa, girmama juna, iya aiki, damuwa da mutum a matsayinsa na mutum, da cika magana. Tambaya ɗaya a gaban jama'a irin wadda aka yi wa Aminu ta isa ta rusa ta.

Batun rashin hali kuma, akwai hanyar da ba ta cin kuɗi sosai, ita ce nazarin darasi irin na Japan, wanda suke yi tun ƙarni na 19. Malamai uku ko huɗu su shirya darasi guda tare, ɗaya ya koyar, sauran su tsaya suna kallon yara, ba malamin ba, sannan a zauna a tattauna a gyara. Da yake darasin na kowa ne, in ya faɗi ba wanda ya ji kunya. Zambiya ta fara shi a 2005 a lardi ɗaya da taimakon JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashen waje, daga baya ya bazu a ƙasar, kuma azuzuwansu ba ƙanana ba ne. Ba sai kowane mako ba. Sau biyu a zango ma ya fi babu.

Amma kada in yi muku zaƙin baki. Wani nazari na 2018 da Matthew Kraft da abokansa suka yi a kan bincike 60 ya nuna horar da malami ɗaya bayan ɗaya a bakin aiki yana gyara koyarwa sosai, yana kuma ɗaga sakamakon yara, ko da yake bai kai yadda yake gyara koyarwar ba. Sai dai sun lura cewa in shirin ya yi girma, tasirin yana raguwa. Samun mutane irin Antin Rabi da yawa ba abu ne mai sauƙi ba. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa nake ganin horon shekara biyu ya fi bitar kwana uku.

Malama Zainab:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni abin da ke tsorata ni shi ne lokaci. Aiki, yara, ga karatu. Wanda ake yi ta intanet zalla ba zai wadatar ba?

Malam Aminu:
Malama Zainab, karatun littafi da rubutu duk za su yiwu ta intanet, ni ma rabin nawa haka na yi, da daddare bayan yara sun kwanta. Abin da ba zai yiwu a tsallake ba shi ne aikin hannu. In kwas ɗin bai tilasta miki jan taro na gaske ba, da zama da malami na gaske, wani ya kalla ya gyara miki, ko da ta bidiyo ne, to labarin iyo ake ba ki a kan tudu. Semista ta uku ce mai wuya, lokacin tattara bayanan bincike. Ki shirya wa gida tun kafin ta zo.

Baba Sani:
Hauwa'u 'yata, kin yi shiru. Ga abin da zan ƙara. Kafin ki cike fom, ki sami shugabanku ku zauna. Kada ki je da maganar digiri, ki je da matsala guda da ke hana shi barci. In faɗuwar yara a lissafi ce, ki ce masa bincikenki a kanta zai kasance, sakamakon kuma na makaranta ne. Shugaba ba ya tsoron malamin da ya zo ɗauke masa kaya, wanda ya zo raba masa kujera yake tsoro. Ki nemi abu biyu a rubuce, lokaci a cikin jadawali, da alkawarin ba zai tambaye ki sirrin ajin kowa ba. In ya ba ki, bismillah. In ya hana, karatun zai amfane ki duk da haka, sai dai ki san cewa wataƙila wata makarantar ce za ta ci moriyarsa.

Shi kuma malamin da ya girme ki, kada ki fara da ajinsa. Ki gayyace shi naki. Ki ce Malam, ga inda yarana ke ba ni wahala, ka fi ni daɗewa, zo ka duba min. Kuma ki faɗe ta har zuciya, domin tabbas akwai abin da ya sani da ba ki sani ba.

Malam Garba:
Baba, wannan shawarar ta ƙarshe na karɓa hannu biyu. Amma ina nan a kan bakana game da takardar. Ni dai in ƙanwata ce, zan ce ta duba ko kwas ɗin yana da darussan da za a lissafa mata in wata rana ta nemi shugabanci. Mutum ba ya sanin abin da zai so nan da shekara goma.

Dakta Binta:
Wannan tambaya ce mai kyau a yi wa jami'ar, wasu suna haɗa hanyoyin biyu a shekarar farko. Hauwa'u, ki ƙara da waɗannan in kin je: su wa ke koyarwa, kuma yaushe rabonsu da aji na yara? Kundin kammalawa a makarantarki za ki yi shi ko a laburare? Sannan ki roƙi a haɗa ki da mutum biyu da suka gama, ki tambaye su aikin da suke yi yau.

Malama Hauwa'u:
Ku gafarce ni, ban ɓace ba, ina karantawa ina juya maganganunku. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Jiya na bi shawarar Baba tun kafin in je ko'ina. Na sami Malam ɗin da na ba ku labari, na ce masa yarana in na ba su rabi a tara da sulusi, fiye da rabin ajin biyu bisa biyar suke rubutawa, suna tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na yi bayani har na gaji. Ya yi shiru, sai ya ce nasa ma haka suke yi, shekara da shekaru, bai taɓa gaya wa kowa ba. Ashe wurin da nake ganin ɗalibansa na tuntuɓe, nawa ma a nan suke faɗuwa, ban dai lura ba sai da na tara takardun. Mun fi minti arba'in a tsaye a bakin allo. Ya nuna min yadda yake naɗe takarda gida shida yaro ya ga rabi da sulusi da idonsa, ni kuma na nuna masa layin lamba, inda yaro zai ga biyu bisa biyar bai ma kai rabin da aka fara da shi ba. Ya ce zai shigo ajina ranar Talata, darasi na uku.

Shugaba kuma na gan shi yau da safe. Ya yarda da maganar sirri nan take. Lokaci ne ya ce darasi huɗu ba zai samu ba, biyu zai iya, su ma sai zango mai zuwa in an sake jadawali. Malam Aminu, kai da ka san zafin abin, biyu za su isa a fara, ko in koma in ƙara roƙo?

Malam Aminu:
Ki karɓi biyun, amma ki roƙa a jera su a rana ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kuma su dace da lokacin da aƙalla mutum biyu na sashenku ba su da aji. In aka warwatsa su, ɗaya Litinin ɗaya Alhamis, gyaran takardu zai cinye su ba ki sani ba. Ki je wurin mai haɗa jadawalin da kanki tun kafin ya fara zana shi.

Malama Rabi:
Anti, ranar Talata ki ba Malam takardu biyar na yaran da suka rubuta biyu bisa biyar, ki nuna masa inda suke zama, ya tsaya kusa da su ya ji abin da suke faɗa wa juna. Don Allah ki dawo ki ba mu labari.